Asaken da na tarar cikin zabirar kakana: a wanke su ko a bar su da tsatsarsu?

Jikan Wanzam

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani, kuma zan fara da faɗin kuskurena don kada wani ya maimaita shi.

Ruwan daren Talatar nan ya karya azara biyu a ɗakin marigayi kakanmu a unguwar Birni ta Damagaram. Ɗakin a rufe yake tun rasuwarsa, ba mai shiga sai iyata in za ta ɗauko tabarmin baƙi. Muna kwashe kaya kafin magina su zo, sai ga zabirarsa rataye a bayan ƙyaure, ƙura ta rufe ta. Kakana wanzami ne, ubansa ma wanzami ne, amma babana lakwal aka sa shi, sana'ar ta tsaya daga nan. Cikin zabirar akwai ƙaho uku, da hantsaki, da ɗan dutsen washi wanda tsakiyarsa ta lotsa, da asake shida. Huɗu ƙirar gida ne, biyu na Turawa, irin masu naɗewa cikin ƙota.

Ɗaya daga cikin na Turawan, mai ƙota ruwan ƙwai, tsatsa ta ci ta ƙwarai. Da gari ya waye ban shawarci kowa ba na kai ta wurin wani mai injin wasa wuƙaƙe. Ya ɗora ta a dutse, wuta na tartsatsi, ni kuwa ina tsaye ina murnar ganin farin ƙarfe na fitowa. Ko minti biyu ba a yi ba ya miƙo mini. Bakin ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara, faɗinta ya ragu, zanen da ke jikinta ya tafi, saura kalmar THIERS a can wajen gindi. Na ba shi dala arba'in. A gida na gwada ta a gashin hannuna, ko gezau. Da iyata ta gan ta sai ta yi shiru, can ta ce da ita kakana ya yi mini askin suna.

Saura biyar. Me zan yi da su?

Mai Agogo na Zango

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, kada ka sake kai ko ɗaya kusa da inji. Na fi shekara ashirin ina tara irin waɗannan, kuma yawancin waɗanda na gani a mace dutsen inji ne ya kashe su, tsatsa ba ta kai shi ɓarna ba. Shuɗin nan da ka gani shaida ce zafin bakin ya kai wajen digiri 300, ƙarfin ƙarfen ya saki ke nan. Bakin aska ya fi takarda siriri, ba ya da naman da zai shanye zafi.

Amma ka amsa mini wannan da gaggawa: kafin ka kai ta, tsatsar a ko'ina take, ko ta fi yawa a sashen da ke shiga cikin ƙota? Kuma ka murza ƙotar da yatsa har ta yi ɗumi, ka shinshina.

Jikan Wanzam

Kawu, sashen da ke cikin ƙota ne ya fi ci, har da layi kamar an ja da alƙalami. Ƙotar tana warin kafur, da wani ɗan tsami-tsami.

Mai Agogo na Zango

To fitar da ita daga zabirar yanzu-yanzu, ka aje ta ita kaɗai a sarari. Ƙotar nan wata tsohuwar roba ce da ake kira seluloyid, da kafur ake haɗa ta, ana yi mata kala ta yi kama da hauren giwa. In ta tsufa ta fara ruɓewa sai ta riƙa fitar da iska mai guba ga ƙarfe, ta ci askar da ke cikinta, ta ci na maƙwabta. Ba ta da magani sai a cire ta. Kuma kada wani ya ce ka gwada ta da allura mai zafi don a san ko haure ce, tana kama wuta kamar fetur.

Ɗan Maƙera

Ni a maƙera na tashi, bari in ɗan kare mai injin. Aikinsa adda da gatari da wuƙar mahauta, abin da ya iya shi ya yi. Mu in mun ƙera aska, sai ta yi ja a gawayin ƙirya mu tsoma ta, shi ne ba ta ruwa. Daga nan a ɗan mayar da ita kusa da wuta ana kallon launi, da ta yi kalar karan dawa busasshe sai a janye. In ta wuce ta kai shuɗi, ta yi taushi, ta wuƙar yankan albasa ce. Abin da ya sami taka ke nan. Tamu ta gida ana iya sake ba ta ruwa. Ta Turawa mai siririn ciki in ka mayar da ita wuta murɗewa za ta yi ko ta tsage. Ka haƙura da aski da ita, ka aje ta don tarihi.

Na Kasuwar Dole

Ku jiƙa sauran cikin ruwan tsamiya ko lemun tsami kwana ɗaya, tsatsa za ta zube da kanta. Haka muke yi wa tsoffin makullai.

Mai Agogo na Zango

A'a ƙanena, makulli daban, aska daban. Tsami ba ya bambanta tsatsa da ƙarfe mai lafiya, kuma inda ya fi siriri nan yake fara ci, wato bakin. Za ta fito toka-toka da ƙananan ramuka. Garin neman gira a rasa ido.

Jikan Wanzam, karanto mana abin da ke rubuce a gindin ɗaya ta Turawan, harafi da harafi.

Jikan Wanzam

An rubuta WADE & BUTCHER, ƙarƙashinsa SHEFFIELD. Ba wani abu bayan haka. Tana da nauyi, faɗinta na auna da ma'aunin tela ya kai milimita 22. Ƙotar baƙa ce, ta ɗan karkace, akwai wuri biyu da ƙwaro ya ci.

Mai Agogo na Zango

Masha Allah. Ka zauna da kyau ka ji. Shafil, wato SHEFFIELD ɗin da ka karanta, gari ne a Ingila da ya yi suna a ƙirar ƙarfe, a can ne Benjamin Huntsman ya gano narka ƙarfe cikin tukunyar yumɓu wajen shekarun 1740, abin da ya sa ƙarfensu ya fita tas ba datti a ciki. Wade & Butcher na cikin manyan gidajen aska na garin, tare da Joseph Rodgers da George Wostenholm. Abin lura shi ne rashin kalmar ENGLAND. Amurka ta yi doka a 1890 cewa duk kayan da za a shigo mata da su sai an buga sunan ƙasar da ta yi su, daga 1891 maƙeran Shafil suka fara ƙara kalmar. Masu tara asake da wannan suke kintace: in babu ita, galibi askar ta girmi 1891. Kintace ne, tun da ba duka aka yi don kasuwar Amurka ba, amma nauyin da ka faɗa ya ƙarfafa shi. Na dā masu kauri ne kamar bakin gatari, na baya ne aka riƙa rarake cikinsu har in ana aski kana jin suna kuka. Milimita 22 kuwa shi ake kira 7/8, don da kashi takwas na inci ake auna faɗin aska. Wadda aka fi samu 5/8 ce, wajen milimita 16. Ƙotar ƙaho ce, shi ƙwaro ke ci.

Mushe Mai Tarihi

Bari in sa baki. In har ta girmi 1891, ta riga Faransawa zuwa Damagaram, tun da sai 1899 suka ci garin. Kuma ba abin mamaki ba ne. Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdul Karim, ya shiga Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa: takubban Zolingen ta Jamus, da allurai da madubai, da takarda, har da asake daga Sitiriya ta ƙasar Ostiriya. Duk ta Sahara suke zuwa daga Tarabulus, kuma ayarin da ya biyo ta Agadas nan unguwar Zango yake sauka kafin ya wuce Kano. Shi kansa Barth ya zauna a Birni ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Wato wanzaman ƙasar nan sun san askar Turai tun zamanin Sarki Tanimun. Tana iya yiwuwa kuma daga baya ta zo, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, wani fatake ya sayo ta tsohuwa. Ka tambayi tsofaffin gidanku tun suna raye.

Na Kasuwar Dole

To ai dukiya ce ke nan! Yaya, a goge ta ta yi ƙyalli kamar madubi, a sa mata sabuwar ƙota, a ɗauki hoto a sa a intanet. Turawa na saye. Ni ma in za ka sayar yanzu na ba ka jaka goma.

Baba Wanzam

Ɗana ne ke rubuta mini, ni nake faɗa. Tun safe yake karanta mini maganganunku ina saurare. Na san marigayin, ya girme ni, mun sha zama a gidan suna ɗaya. Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Yaron nan ya ce asake shida, huɗu na gida. Duk kun taru a kan biyu na Nasara, har an kai mu Ingila an dawo. Huɗun nan ba wanda ya tambayi ko da kamanninsu.

To ku sani da huɗun nan ya ci abinci. Ta Nasara ta kwalliya ce, ta gyaran fuskar manya ranar Juma'a da sallah. Askin kai, da tsaga, da ƙaho, da kaciyar yaran unguwa, duk da ƙirar gida ake yi. Kowace da aikinta, ba a haɗa su. Kai kuma mai cewa a sayar, zabira ba kayan gwanjo ba ce. Wanzanci sana'a ce mai sarauta, ba a banza ake naɗa Sarkin Aska ba.

Mai Agogo na Zango

Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa, na karɓi laifi. Cikin akwatina akwai goma sha huɗu na Turai, ta gida ko ɗaya babu, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba sai yau. Ta Turai tana da suna a jiki, kana iya bin sawunta har garinsu. Tamu ba ta da rubutu, sai muka ɗauka ba ta da tarihi.

Ɗan Maƙera

Tana da rubutu Kawu, ku ne ba ku iya karatunsa ba. Sawun guduma a jikinta, da yadda aka lanƙwasa wutsiyar, da kaurin baya, babana yana kallo zai ce wannan hannun gidan wane ne. Yana ma gane ƙarfen, ko na tama ne irin na dā, ko tsohon magagari aka buɗe, ko sifirin mota. Rabon da wani ya zo maƙerarmu ya ce a ƙera masa aska har na manta. Yaran da ke zuga mana yanzu ba wanda ya taɓa ganin an yi. Shafil da Zolingen sun yi dubbai sun watsa duniya, ko gobe ka nema za ka samu. Ta maƙeran Damagaram in ta ɓata ta ɓata ke nan.

Jikan Wanzam

Baba, ka yi mini afuwa, ni ma ban dube su da kyau ba sai yanzu. Biyu manya ne, bakinsu mai faɗi, wutsiyarsu a murɗe. Ɗaya matsakaiciya. Ta huɗun ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. A jikin babbar akwai wani ɗan lotsi mai santsi daidai inda babban yatsa ke zama. Na sa nawa yatsan ya zauna daram.

Baba Wanzam

Ƙaramar ita ce ƴar tsaga. Lotsin nan kuma kada samfefa ta taɓa shi.

Mai Agogo na Zango

To ga yadda nake yi, kuma ya shafi duka biyar ɗin. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari-gari, ita ce mai rai, tana ci gaba da ci, dole a kashe ta. Akwai baƙin tabo mai santsi, wannan ya riga ya kwanta, har kariya yake yi, ni ba na taɓa shi. Ka ɗiga man keken ɗinki a kan jar, ka bar shi ya kwana. Da safe ka kankare da guntun jan ƙarfe, ko wayar lantarki mai kauri da aka buga ta yi faɗi, don jan ƙarfe ya fi ƙarfen aska taushi, ba zai ƙarce ta ba. Sai soson ƙarfe mafi laushi da mai, a hankali, askar a kwance kan katako, yatsunka a bayan kaifi. Ka goge da tsumma ka duba. Yawanci nan nake tsayawa.

Mai son ƙyalli sai ya hau samfefa, daga lamba 400 yana hawa har 2000, kwana da kwanaki da hannu. Na yi wa guda uku haka a farkon farawata. Sun yi kyau a ido, amma hatimin gindin ya dushe, gefunan da maƙeri ya fitar tsaf sun zama dunƙule, kuma masu sani ba sa ƙara mata kuɗi don haka, ragewa suke yi.

Kafin duk wannan ka duba bakin a hasken rana. Ɗan gibi ana iya cinye shi a dutse. Tsagewa kuwa, ko siririya kamar gashi, aski ya ƙare mata.

Na Kasuwar Dole

Ni dai ban gane amfanin ajiye abu da dattinsa ba. In mota tsohuwa ce ai fenti ake mata. Kakan nasa ma da yana raye ai goge ta zai yi.

Baba Wanzam

Goge ta zai yi da tsumma da mai, ya wasa bakin. Bai taɓa kankare jikinta ba, ni ma ban taɓa ba. Aska bakinta ake nema.

Baduku

Ba wanda ya yi maganar zabirar kanta, ita ce ɓangarena. Kada ka wanke ta da ruwa. Ka kaɗe ƙurar da burushi mai laushi, ka shafa man kaɗanya ɗan kaɗan da yatsa, a inuwa, ka bar ta ta sha kwana biyu kafin ka ƙara. Ɗinkin da ya saki kawo mini in mayar a ramukansa na asali.

Na biyu, kada ka mayar da asaken ciki ka rufe. Fatarmu da bagaruwa ake jeme ta, kuma bagaruwa in ta haɗu da ƙarfe da danshi baƙi take yi. Da wannan dabarar muke yin kuloko, baƙin rinin fata, daga tsoffin ƙarafa. Wanzamin da ke aiki kullum yana fitarwa yana gogewa, ba ta samun zama. Wadda aka rufe damina bayan damina kuwa, ka ga abin da ya faru. Ka naɗe kowace cikin takarda mai ɗan mai, a akwatin katako. A watan Agusta ka riƙa dubawa duk mako. Da hunturu kuma ƙahon ne abin tsoro, bushewa yake ya tsage, shi ma yana son mai.

In kana son fatar gyaran kaifi zan yanka maka ta saniya, faɗin yatsa uku, mai santsi ba ado.

Ɗalibi a Faransa

Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ina karatu a Kilermon-Feran, garin Thiers bai kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba, kuma na je gidan tarihin wuƙaƙensu. Mafi yawan wuƙaƙen Faransa a can ake yin su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu washi na dā. Ruwan kogin Durolle ke juya manyan duwatsu, mutum ya kwanta rubda ciki a kan katako saman dutsen yana danna ƙarfe, ruwa na zuba a kai ba tsayawa don kada ƙarfen ya yi zafi. Saboda sanyi har kare suke koya wa kwanciya a kan ƙafafunsu. Da na karanta labarin injin da ya ƙone taka, Yaya, su na tuna. Har yau gidan Thiers-Issard, wanda aka kafa a 1884, yana ƙera asake a can, kamar yadda gidan Dovo ke yi a Zolingen tun 1906. Su ma sana'ar ta kusa mutuwa bayan kamfanin Gillette na Amurka ya fito da reza mai sauyawa. A 1903 na'urar aski 51 kacal ya sayar da reza 168, amma da aka raba wa sojojin Amurka ita a yaƙin duniya na farko sai ta gama duniya.

Ma'aikaciyar Lafiya

Ku yi mini haƙuri in shigo da abin da ba a so a ji. Ku tara, ku gyara, ba laifi. Amma aska ɗaya fuska ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe tana da rai, kuma ɗan ƙarcen da ido bai gani ba ya isa. Ita ta fi sida saurin kamuwa ta wannan hanya. Asaken da suka yi shekaru a rufe ba wannan ne matsalarsu ba, matsalar tana farawa ranar da aka gyara aka ce kowa ya zo ya gwada. A wanke da sabulu, a goge bakin da alkol na asibiti, a busar. Mai kankare tsatsa kuma ya tabbata allurarsa ta tetanus ba ta tsufa ba. Kaciya da tsaga kuwa, Baba, ina roƙo da girmamawa, sabuwar reza ga kowane yaro.

Baba Wanzam

Ƴata, ba ki faɗi abin da zai ɓata mini rai ba. Mun daɗe da komawa reza a aikin jini, uban yaro ma shi ke sayowa a buɗe a gabansa. Mun ga amfanin haka. Askata ta ƙarfe yanzu kaina kaɗai take aske wa. Abin da nake jin ciwo shi ne yaran da suka tashi da reza ba su san washi ba. Ka ba su dutse su riƙe kamar sabulu.

Mai Agogo na Zango

Tun da an zo kan washi. Ta Turawa an gina ma'auninta a jikinta: ka kwantar da baya da baki duka biyu a kan dutse, kaurin bayan ne ke ba da kusurwar, ba a ɗaga shi ko kaɗan. Kaifi a gaba, ka tura, ka juya ta kan bayanta, ka dawo. Ana farawa da dutse mai lamba 1000 har gefe biyu su haɗu, nan ne aikin yake, sai 4000, sai 8000. Ina da ɗan guntun dutse ruwan ɗorawa na ƙasar Beljiyam da nake gamawa da shi, ruwa kawai yake so. A fata kuma akasin haka ne, baya ke gaba, in ba haka ba ka yanke fatar. Mai jin tsoron cin bayan askar ya manna masa salatif ɗin lantarki. Dutsen kakanka da ya lotsa ba zai yi wa ta Shafil ba, tana son mai shimfiɗe sarai.

Baba Wanzam

Amma shi zai yi wa na gida, don su suka lotsa shi. Tamu ba a kwantar da ita, ɗaga bayan ake yi kaɗan, kuma kaɗan ɗin nan ba a faɗinsa da lamba. Hannu ke sani, kunne na tayawa. In tana ci daidai akwai ƙarar da take yi. Shekara uku ina riƙe wa ubana zabira kafin ya yarda in taɓa dutsensa. Yaro, ka zo da su gida in nuna maka. Ba a koyon wannan a waya.

Ƴar Wanzam

Salamu alaikum. Ni ma ɗiyar wanzami ce daga Mirya, aure ya kawo ni nan. Da babanmu ya rasu, yayanmu ya ba wani mai sayen tsoffin kaya zabirar duka, mu mata ba a ko gaya mana ba. Har yau in na tuna sai na yi hawaye, ba don kuɗin ba. Ina tuna shi da asuba yana shafa aska a tafin hannunsa, gaba da baya, kafin ya fita gidan suna. Ƙanena, zabirar nan gado ce. Kakanka na da wasu ƴaƴa da jikoki, har da mata. Kafin ka gyara ko ka kyautar ko ka sayar, ka tara su su gani.

Jikan Wanzam

Yaya, Allah ya saka da alheri, wallahi ban yi wannan tunanin ba. Gwaggona biyu na raye, gobe zan je.

Na Kasuwar Dole, na gode da tayi, ba ta sayarwa ba ce.

Na Kasuwar Dole

Ba komai Yaya. Amma maganar Ɗan Maƙera ta shige ni. Akwai wani tsoho da ke kawo tarkacen ƙarfe ranar Alhamis, na sha ganin irin waɗannan ƙananan a tabarmarsa ana sayar da su da nauyi. Zan riƙa tsince su.

Ɗan Maƙera

In ka samu kawo wa babana ya duba tun idonsa na gani. Ka riƙa tambayar tsohon daga wane gari kowace ta fito, ka rubuta a takarda ka ɗaura mata.

Jikan Wanzam

Jama'a, na dawo da labari bayan kwana tara.

Gwaggonnina sun yarda zabirar ta zauna a hannuna, da sharaɗin ba za ta bar gidan ba. Babbar ta ce ta Shafil ɗin kakana ma gadonta ya yi daga ubansa, ita kuma ta Thiers wani tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi ya ba shi ladan kaciyar ƴaƴansa. Na rubuta duka a littafi.

Na bi hanyar Kawu Mai Agogo da mai da jan ƙarfe. Jar tsatsa ta tafi, baƙin tabo na nan. A jikin matsakaiciyar, da datti ya fita, sai ga wasu ɗigo uku a jere da aka buga da gangan. Mahaifin Ɗan Maƙera ya juya ta a hannu ya daɗe, ya ce ƙarfen magagari ne, kuma ɗigon alamar maƙeri ce.

Jiya bayan la'asar na je wurin Baba Wanzam. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗiga ruwa a dutsen kakana, ya ɗauki babbar. Bai ko kalle ta ba, ni yake kallo yana ba ni labari, hannun na tafiya. Can ya ce in yi shiru in saurara, ƙarar ta sauya daga ƙarce-ƙarce ta koma wani siririn sauti. Ya shafa ta a tafin hannu sau kamar goma, ya kama hannuna ya bi gashin da ita, suka zube ban ji komai ba. Sannan ya ba ni ta biyun ya ce in yi. Sau huɗu yana kama wuyan hannuna yana sauke shi. Ya ce in dawo Asabar.

Saura ƙotar ta Shafil da ta karkace, bakin na gogar gefe in za a rufe. Ita kuma ta Thiers na cire mata robar, ƙarfen na nan tsirara.

Mai Agogo na Zango

Kada ka ƙara rufe ta da ƙarfi, nan ake samun gibi. Ƙaho na miƙewa in ya ji ruwan zafi aka matse shi tsakanin katako biyu ya huce, amma sai an cire ƙusar, kuma wurin cire ƙusa ne tsohon ƙaho ke fashewa. Kawo ta shago in yi a gabanka. Ina da siririyar sandar tagulla mai kaurin milimita ɗaya da rabi da ɗoriya, irin wadda ake yin ƙusar da ita. Ramukan ƙwaron mu bar su, mai kawai za mu ba shi.

Baduku

Ta Thiers ɗin kuma a yi mata ƙota da ƙahon sa, ina da baƙi mai kyau da na samo a mahauta. Ko ba za ta yi aski ba ta samu rufi. Turo mini tsawon ƙarfen daga ramin ƙusa zuwa ƙarshe.

Jikan Wanzam

Na auna, santimita takwas da ɗan kaɗan. Zan biyo da ita Alhamis in na fito kasuwa, in wuce Zango wurin Kawu daga nan.

Baba Wanzam

In za ka zo Asabar ka taho da ƴar tsagar ma. Ita riƙonta daban ne.